Yadda Za Ka Rage Cin Wuta a Gida, Ka Kuma Shirya wa Kowane Yanayi Kafin Ya Iso

Wani dare, bayan kowa ya kwanta, na fita da tocila in duba ƙofa. Fitilu a kashe, talabijin a kashe, ba ka jin komai sai ƙugin firiji. Sai idona ya faɗa kan mita. Ɗan jan hasken nan da ke jikinta yana ta ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, kamar da rana tsaka ana guga ana girki. Na bi ɗaki-ɗaki ina dubawa, har na iske hitar ruwan wanka a kunne. Makunninta a bayan ƙofar banɗaki yake, inda ido ba ya kaiwa, kuma na tabbata ta yi makonni a haka. Mu kuwa kullum faɗanmu da yara a kan fitilar da suka manta ba su kashe ba.

Haka yawancin gidaje suke. Ana tsare ƙananan abubuwa, manya na ci hankali kwance. Wutar gida, in ka bi sawunta, mafi yawanta wurin abubuwa biyu take tafiya: abin da ke samar da zafi da abin da ke samar da sanyi. Su kuma waɗannan cinsu ƙaruwa yake idan ƙura ta toshe su, ko roba ta saki, ko gidan kansa yana barin zafi da danshi su shigo. Shi ya sa a wurina tattalin wuta da gyaran gida aiki ɗaya ne, kuma tare zan kawo su.

Mataki na farko: koyi karanta mitarka

Kada ka sayi komai tukuna. Fara da lissafi.

Kowace na'ura tana da ɗan rubutu a bayanta ko a ƙasanta mai nuna wat nawa take ja. Yunit ɗaya da ake cajin ka a kansa shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Don haka ka ninka wat da awannin da na'urar ke aiki, ka raba da 1,000, ka samu yunit. Fankar silin mai wat 70 idan ta kwana tana juyi awa 10, ta ci yunit 0.7. Hita mai wat 2,000 idan ta yi awa 2 kacal, ta ci yunit 4. Cika batirin waya sau ɗaya bai fi yunit 0.02 ba, wato awa biyun nan na hita sun kai cajin waya kusan sau 200. Wanda ya gane wannan ya san inda zai sa ido.

Sai ka samu ɗan littafi. Mako guda cur, ka riƙa rubuta lambar mita lokacin kwanciya da kuma lokacin tashi. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da gidanka ke ci yana barci. Idan ya zarce abin da firiji da fanka za su iya ci, akwai wani abu a ɓoye.

Sau ɗaya kuma, da rana, ka kashe komai, ka zare kowace waya daga soket har da firiji, ka tsaya gaban mita minti biyar. Ya kamata ta tsaya cak. In tana ci gaba da ƙirga, ko dai akwai na'urar da ka manta, ko wata waya ta ɓare tana zubar da wuta a bango, ko layin wani ya haɗu da naka, abin da kan faru a gidajen haya masu sassa da yawa. Wannan aikin mai gyaran wuta ne wanda ya san aikinsa. Kai dai kada ka buɗe mita, kada ka taɓa wayoyinta.

Mataki na biyu: ruwan zafi da duk abin da ke ɗaukar zafi

Ruwa yana da wuyar ɗumama, halittarsa ke nan. Tafasa lita ɗaya yana cin kusan yunit 0.1. Ɗaga zafin lita 50 da digiri 30 yana cin kusan yunit 1.7. Saboda haka:

Idan kofi biyu kake bukata, kada ka cika butar lantarki. Idan hitar wanka mai tanki ce, kunna ta kamar rabin awa zuwa awa guda kafin wanka, a kashe bayan an gama, kuma a sa makunni mai ɗan haske a wurin da kowa zai gani. Sai dai kada tattali ya sa ka sauke zafin tankin ƙasa da digiri 60. Akwai ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 zuwa 45, tana kuma jawo ciwon huhu mai tsanani idan aka shaƙi feshin ruwan.

Guga a tara ta a yi lokaci guda, don dutsen guga ya fi ci a lokacin da yake ɗaukar zafi daga sanyi. Ka fara da kaya masu kauri, ka zare waya, ka ƙarasa marasa nauyi da ragowar zafin. Injin wanki kuwa, mafi yawan wutar da yake ci wajen ɗumama ruwa take tafiya, ba wajen juya kaya ba. A wanke da ruwan sanyi, a shanya a igiya.

A wurin girki, murfi shi ne babban mai tattali. Tukunya a rufe ta fi saurin tafasa, kuma da zarar ta tafasa a rage wuta, tunda ruwa ba ya wuce digiri 100 komai rurin da aka yi masa. Harshen wutar gas ya zama shuɗi. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe, a cire shi a goge da buroshi.

Mataki na uku: firiji

Shi kaɗai ne ba ya hutu dare da rana, don haka ƙaramin lahani a jikinsa yakan zama babbar asara a shekara. Zan ɗan daɗe a kansa.

Ɗauki takarda, ka sa ta a bakin ƙofar firiji, ka rufe, ka ja. Idan ta zare salin-alin ba ta riƙe ba, robar ƙofar ta saki, sanyi na tsiyaya, injin kuma yana ta aiki don ya cike gurbin. Ka gwada sama da ƙasa da gefe. Wani lokaci datti ne kawai ya maƙale, ruwan ɗumi da sabulu sun isa. In ta tsage ko ta bushe, a canza ta. Robar ba ta kai kuɗin wutar da take jawo maka ba.

Sannan ka ja firijin daga bango ka leƙa bayansa. Aikin firiji shi ne ya kwashe zafi daga ciki ya zubar a waje, ta waɗancan baƙaƙen bututu na baya ko ta jikin gefensa. In ƙura da saƙar gizo sun lulluɓe su, ko an matse shi da bango, zafin ba shi da hanyar fita. Ka zare waya, ka share da busasshen buroshi, ka bar tazarar kamar faɗin tafin hannu. Kada ya zauna kusa da murhu, ko inda rana ke dukansa ta taga.

Sanyin da ya dace a cikin firiji digiri 3 zuwa 5 ne, firiza kuma 18 ƙasa da sifiri. Wuce haka ɓarna ce kawai. Ƙanƙara idan ta yi kauri a bango kamar rabin santimita, a kashe a bar ta ta narke da kanta. Don Allah kada a sa wuƙa a ɓamɓare ta. Na ga firiji lafiyayye da aka huda bututunsa ta haka, iskar sanyin ta fice fuu, aka yi asararsa gaba ɗaya. Abinci mai zafi a bari ya huce kafin a saka, amma kada ya wuce awa biyu a waje. Firizar da babu kaya sosai a ciki, a cika gurbin da robobin ruwa. Idan an ɗauke wuta, su za su riƙe sanyin.

Mataki na huɗu: kafin zafi ya kankama

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin bazara tun sanyi bai gama wucewa ba ake yin sa, lokacin da masu gyara ba su yi wuyar samu ba.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa fanka da na'urorin sanyaya ɗaki suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na dukan wutar lantarkin da duniya ke amfani da ita. A gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki, sau da yawa ita ce kan gaba. Amma kafin a zo kanta, a fara hana zafin shigowa.

Zafi ta taga da rufi yake shiga. Tagogin gabas da na yamma su suka fi shan rana, musamman na yamma, da ke ɗaukar ranar la'asar su ajiye maka zafinta har tsakar dare. Labule mai kauri, mai haske ta ɓangaren waje, yana taimakawa. Amma inuwar da aka yi daga waje ta fi, ko rumfa ce, ko bishiya, ko shuka mai hawa bango, domin idan rana ta riga ta ratsa gilashi, zafin ya shigo ɗaki ke nan. Rufi mai duhu yana tara zafi, mai haske yana mayar da shi. In za ka yi wa kwano fenti, ka zaɓi fari. In silin ya ɓule ko babu shi sam, gyaransa ya fi sayen wata fanka.

Tagogi kuma da lokacinsu. A rufe su da rana idan iskar waje ta fi ta ciki zafi, a buɗe da dare da asuba, biyu masu fuskantar juna, iska ta ratsa ta kwashe zafin da bango ya tara.

Fanka ba ta sanyaya ɗaki. Mutum take sanyayawa, ta hanyar busar da gumin jikinsa. Barinta tana juyi a ɗakin da ba kowa asara ce tsagwaronta. A goge fikafikanta, in tana ƙara ko tana jan jiki a kira mai gyara.

Ita kuwa na'urar sanyaya ɗaki, mutane da yawa suna sa ta a digiri 16 da tunanin za ta fi saurin sanyi. Ba ta ƙara sauri, sai dai ta ƙi tsayawa. Ka sa ta tsakanin 24 da 26, ka haɗa da fanka, za ka ji daidai. Indiya ta wajabta tun daga 2020 cewa sababbin na'urori su fito daga kamfani a saite a kan 24, hukumar tattalin makamashin ƙasar kuma ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage cin wuta da kusan kashi 6 cikin 100. Japan ma tun 2005 take ƙarfafa ofisoshi su tsaya a 28, ma'aikata su rage kaya masu nauyi. Ka buɗe murfin gaba, ka zare ragar tace ƙura, ka wanke da ruwa, ta bushe a inuwa, ka mayar. Duk mako biyu a lokacin ƙura, duk wata a sauran lokuta. Injin da ke waje a share masa ganye da leda, a yi masa inuwa ba tare da an toshe masa iska ba. A toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, kada kana biyan kuɗin sanyi yana fita tsakar gida.

Mataki na biyar: fitilu da na'urorin da ba sa barci

Wannan mai sauƙi ne. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi yake zama. Ƙwan LED mai wat 8 ko 9 yana ba da haske daidai da shi, yana kuma daɗewa ninki goma ko fiye. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun samu kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗin LED da ya buɗe hanyar wannan farin hasken. Ka fara canza waɗanda suka fi daɗewa a kunne, kamar fitilar waje da ke kwana. Dogayen ƙwayaye masu farin gilashi da masu murɗe-murɗe suna da sinadarin makuri mai guba a ciki, kada a bari yara su fasa su.

Talabijin da dikoda da sauran na'urorin da ake kashewa da rimot suna ci gaba da lasar wuta. Wat ɗaya da ba ya yankewa yana zama kusan yunit 9 a shekara, kuma da yayyafi kogi kan cika. Ka haɗa su a soket guda mai makunni, a kashe lokacin kwanciya.

Mataki na shida: kafin ruwan farko

Ga lissafin da ya kamata kowane mai gida ya riƙe: ruwan sama na milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai milimita 30, ya sauke lita 3,000. Wannan ruwan dole ya bi wata hanya. In ba ka yi masa ba, zai yi wa kansa, ta cikin silin ko ta gindin bango.

Da rana tsaka ka leƙa cikin silin ba tare da fitila ba. Duk inda ka hango ɗigon haske, nan ruwa zai bi. Ka duba tabon ruwa a silin, da ƙusoshin da suka ɗago, da kwanon da ya yi tsatsa ko iska ke kaɗawa. Hawa rufi kuma aikin kafinta ne. Indararo a kwashe ganye da ƙasar da suka taru, a zuba bokitin ruwa a ga ko yana gudu har ƙasa, kuma bakinsa ya zubar nesa da tushen gini. Kwatar ƙofar gida a yashe ta, a yi magana da maƙwabta kowa ya yashe tasa, don ruwa bai san iyakar gidan wani ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa da gara. Ƙananan tsaga a cike su da siminti tun bango yana bushe. Amma tsagar da ke faɗaɗa, ko ta bi karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, a kira injiniya ya gani, kada a shafe ta da fenti. Rassan da suka sunkuyo kan rufi a sare su, in kuma sun kusa da wayar lantarki a bar wa ma'aikatan wuta.

Soket da makunnin da ke waje a tabbata ruwa ba ya taɓa su. Idan akwatin wutar gidanka yana da na'urar da ke yanke wuta in ta zuba, za ka ga ɗan maɓallin gwaji a jikinta. Danna shi. In wuta ba ta yanke nan take ba, na'urar ba ta aiki, kuma ita ce ke tsakanin iyalinka da jan wuta a jiƙaƙƙen daɓe. Lokacin tsawa a zare talabijin da kwamfuta daga bango. Tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da duk abin da ke tara ruwa a kife su, domin sauro mako guda zuwa kwana goma kawai yake bukata daga ƙwai zuwa mai cizo.

Famfo mai ɗiga ma ya shiga nan. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita 11,000 a shekara. In da inji kake tura ruwa tanki, wuta ce ke ɗiga. Yawanci 'yar roba ce ta cinye. Tankin sama kuma a sa masa abin da ke tsayar da ruwa in ya cika, a wanke shi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Mataki na bakwai: lokacin sanyi

A nan maganar ta wuce ta kuɗi, ta rai ce. Gawayi, da risho, da janareto, da hitar gas duk suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa. Kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. Janareto ba ya zama a ɗaki, ko a gareji, ko a lungun da ke manne da taga. A ajiye shi a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon waje. In mutanen gida suka tashi da ciwon kai gaba ɗayansu, a fita waje nan take, a tafi asibiti. Akwai ɗan ƙararrawa mai batir da ke jin wannan iskar, kuma ina ganin duk gidan da ke ƙona wani abu ya kamata ya mallake shi.

Hitar ɗumama ɗaki a jona ta kai tsaye a bango, ba a doguwar waya mai baki da yawa ba, kuma ta yi nesa da labule da katifa aƙalla mita ɗaya. Soket da ya yi baƙi, ko yake ɗumi in ka taɓa, ko yake warin roba, a daina amfani da shi ranar. Tsumma a ƙasan ƙofa da ƙarin bargo sun fi hita araha. Sai dai kada tattali ya cutar da tsofaffi da jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa kuma, sai an naɗe bututun da ke waje, don ruwa in ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 ya fasa su.

Tukunyar gas a gwada ta da kumfar sabulu a bakin mahaɗa da tsawon tiyo. In ka ga kumfa na tashi, akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. In ka shigo ka ji warin gas, kada ka taɓa makunnin fitila, ka rufe tukunyar, ka buɗe tagogi.

Masu sola, ƙura ita ce abokiyar gabarku. A wanke faifan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashi ya ɗauki zafi. Batiri mai ruwa a duba shi duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, kada a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi, a kuma ajiye shi inda iska ke shiga, don zafi na rage masa kwana.

In gidan haya kake

Robar firiji, da ragar na'urar sanyi, da ƙwan fitila, da labule, da yashe kwata duk a hannunka suke. Rufi, da wayoyin cikin bango, da tsagar gini na mai gida ne. Ka ɗauki hoton abin da ka gani, ka aika masa a rubuce wata guda ko biyu kafin damina, ka nemi ya sa rana. Idan kun yarda kai za ka gyara a cire a kuɗin haya, wannan ma ya zama a rubuce, kuma ka adana rasit. In mita ɗaya kuke rabawa da wasu, ku zauna ku lissafa wat ɗin kayan kowane sashe da awanninsa kamar yadda aka nuna a matakin farko, a raba kuɗin a kan haka, ko ku haɗa kuɗi a sa wa kowane sashe ƙaramar mitarsa.